DAGA BAKIN ALLO: Kuɗin Tafinta Ba Asara Ba Ne

Zancenmu na wannan wata na 'yan kasuwa ne, musamman waɗanda Allah ya buɗa musu har kayansu suka fara ƙetare iyaka. Duk wanda ya ratsa layin teloli na Brikiteri, ko ya zauna majalisa nan Nkomkana bayan la'asar, ya san cewa yanzu ciniki ya wuce na Mokolo da Duwala kawai. Ana ɗinka manyan riguna da kaftani a aika Libreville da Malabo, ana ɗaure yaji da citta da zoɓo a tura wa masu shaguna a Faris da Brussels, wasu kuma sun fara neman hanyar Ikko da Accra. Wannan abin godiya ne. Sai dai akwai wata ɓaraka da na daɗe ina gani, wadda in ba a ɗinke ta ba, ribar da ake murna da ita ta nan za ta zube.

Alhaji zai biya kuɗin mota, ya biya na duwan, ya sallami lebura, ya ba dillali la'adarsa, duk ba tare da ya ɗaure fuska ba. Amma ranar da takardar ciniki ta zo daga waje da Turanci, ko kuwa shi ne zai rubuta wa mai saye bayanin kayansa, sai ka ji ya ce a kira masa wane, ai yana zuwa makaranta. Wanen nan kuwa yaro ne ɗan shekara goma sha huɗu. Mu malamai mun san wannan sarai, domin yaranmu ne ake kira, kuma a teburinmu takardun kan ƙare lokacin tara, yaro ya zo yana sosa ƙeya ya ce, "Malam, Baba ne ya ce in fassara masa, kuma yau da dare yake son ya sa hannu." Ka duba ka ga yarjejeniya ce ta kayan miliyoyin sefa. Yaron da har yanzu muke fama da shi a kan jam'in sunaye, shi aka ɗora wa dukiyar gida guda.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro, da waɗanda suka gangaro kudancin Kamaru tun zamanin Jamus suna sayen hauren giwa da roba, ba su taɓa ɗaukar harshe abin wasa ba. In ayari ya sauka a zango, mai masauki ne da dillalinsa ke tsayawa tsakanin baƙo da ɗan gari. Dillalin nan ya san harsunan biyu, ya san mudun garin, ya san wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya, kuma ba wanda ya taɓa cewa la'adarsa asara ce. Ita kanta kalmar tafinta daga bakin Turawan Ingila muka aro ta, amma aikin ya girmi zuwansu nesa ba kusa ba. Abin da ya sake kawai shi ne, da can ciniki baki da baki ne, a tafa hannu a gaban shaidu, yau kuwa takarda ce ke tafiya, mai ita yana gida, kuma takarda ba ta da bakin da za ta ce "ba haka nake nufi ba."

Na san abin da wasu za su ce. Bahaushen Yawunde ai shi ne tafinta da kansa: yana jin Hausa, yana jin Fillanci, yana Faransanci, yana taɓa Ewondo, ga Turancin buroka na kasuwa, wani ma har da Larabci. Gaskiya ne, kuma baiwa ce da ba kowace al'umma ke da ita ba. To amma jin harshe don a yi tayi a sallama daban, rubuta shi yadda alƙalin wata ƙasa zai karanta ya ba ka gaskiya daban. Kai, ko Faransancin da muke taƙama da shi, na nan gida ne, kuma akwai wuraren da ya raba hanya da na Faransa.

Bari in kawo misali da abin da kowa ya sani. A nan Kamaru in aka ce soya, tsire ake nufi, kuma Brikiteri ce hedkwatarsa. A Turai da Amurka kuwa soya waken suya ne. Mai yajin tsire da ya rubuta a jikin ledarsa cewa wannan yajin soya ne, ya gaya wa Bature cewa akwai waken suya a ciki, alhali babu, sannan ya ɓoye masa abin da yake ciki da gaske, wato ƙuli-ƙuli. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2011 kan bayanin abinci ta lissafa abubuwa 14 da dole a bayyana su ƙarara domin suna tayar wa wasu mutane da ciwo, har ya kai ga rasa rai. Gyaɗa na ciki, waken suya na ciki, riɗi ma na ciki. Haka kuma abin da matanmu ke saye a Mokolo da sunan pistache agushi ne, amma a Faransa sunan wani ɗan itace ne dabam, shi ma yana cikin waccan lissafin. Abin da muke gasawa a bakin titi muna kira prune, wato safu, a Faransa sunan wani ɗan itacen ne, a Ingila kuma busasshensa ake nufi. Zoɓo kuwa, nan folere ne, a Senegal bisap, a Meziko, inda ake sayen na arewacin Nijeriya da yawa, hamaika suke ce masa. Ƙamus ba zai gaya maka wannan ba. Sai wanda ya san inda kayan suka fito da inda za su.

Lissafi ma, wanda ake cewa ba shi da yare, yana da shi. Mai karatun Faransanci in ya rubuta 1,500 yana nufin ɗaya da rabi, mai karatun Ingilishi in ya ga haka dubu ɗaya da ɗari biyar ya gani. Ba'amurke in ya rubuta 03/04 yana nufin huɗu ga Maris, mu kuwa uku ga Afrilu muke karantawa. Wata guda ke nan tsakani, kuma citta ba ta jiran wata guda a tashar jirgin ruwa ba tare da an biya kuɗin ajiya ba. Tan namu kilo 1000 ne, na Amurka kilo 907. Turmin atamfa yadi shida ne, wanda bai kai mita shida ba, mita biyar da rabi ne. Akwai kuma wata kalma da ta sha kayar da ɗalibaina a jarrabawa, kuma tana nan cikin kusan kowace takardar ciniki: délai a Faransanci wa'adi ne, lokacin da aka ba ka ka kawo kaya, 'yar'uwarta ta Ingilishi mai kama da ita kuwa jinkiri take nufi. Yaro ya ga sun yi kama, ya ɗauki wannan ya sa a gurbin waccan, sai ga Alhaji ya sa hannu a kan cewa zai yi jinkirin kwana talatin.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai wannan ke ci. Akwai wata shari'a da ake koya wa ɗaliban lauya a Amurka har gobe, wadda aka yanke a New York a shekarar 1960, kuma a kan kaza aka yi ta. Wani kamfanin ƙasar Suwizalan mai suna Frigaliment ya ƙulla ciniki a 1957 da wani kamfanin New York mai suna B.N.S. a kan daskararrun kaji. Yawancin saƙonnin da suka yi ta aika wa juna da Jamusanci aka rubuta su, amma sunan kayan sai suka bar shi da Ingilishi, kaza kawai. A cikin cinikin farko akwai manyan kaji masu nauyin laba 75,000, wato wajen tan 34. Da kaya suka iso Suwizalan aka buɗe, sai aka tarar da tsofaffin kaji, irin waɗanda sai an daɗe ana dafawa, alhali mai saye 'yan shila masu taushi na gashi yake jira. Ya kai ƙara ya ce shi a wurinsa kaza budurwar kaza ce. Mai sayarwa ya ce shi kuwa a wurinsa duk abin da ya yi kama da kaza, ya cika nauyin da aka rubuta, kaza ne. Aka kawo ƙamusoshi, aka kawo shaidu daga 'yan kasuwar kaji, kowa da tasa fassarar. Alƙali Henry Friendly ya duba har da farashi, ya ga an yi cinikin a kan santi 33 kowace laba, alhali a lokacin kajin gashi sun fi haka tsada a kasuwa, wato da wuya a ce mai sayarwa ya yarda ya sayar da faɗuwa. Ƙarshenta ya kori ƙarar, domin wanda ya ce kalma tana da ƙunƙuntar ma'ana shi ke da nauyin kawo hujja, kuma bai kawo isasshiya ba. Da a ce tun farko akwai wanda aikinsa ke nan, ya tsaya ya tambayi ɓangarorin biyu wace irin kaza, ya rubuta shekarunta da irinta a harsunan biyu, da layi guda ya kashe maganar. Yanzu sai mai karatu ya cire kaza ya sa citta: ɗanya ko busasshiya, fasasshiya ko guda, wankakkiya ko da ƙasarta? Ya sa shadda: wace iri, yadi nawa, ɗinkin hannu ko na keke?

Wanda ke karɓar kuɗinsa ta hanyar takardar lamunin banki, shi ya fi kowa bukatar ya buɗe ido. Ƙa'idar da bankunan duniya ke bi, wadda aka sabunta a 2007, ta tsaya a kan cewa banki takardu yake dubawa, ba kaya ba. Ko zoɓonka ya fi na kowa kyau, in sunan kayan da ke kan faktir bai dace da wanda ke cikin takardar lamuni ba, banki na da ikon ya ƙi biya, kuma kwanakin aiki biyar kawai gare shi ya yanke shawara. Daga nan sai ka koma roƙon mai saye ya yafe kuskuren, shi kuma, tun da ya ga wuyanka a hannunsa, sai ya nemi ragi. Haka nan 'yan haruffa ukun nan da ake liƙawa a bayan farashi. FOB Duwala na nufin nauyinka ya sauka da zarar kaya sun hau jirgi a Duwala; CIF Ikko na nufin kuɗin jirgi da na inshora har Ikko duk a wuyanka suke. Wanda bai sani ba sai ya tsallake su ya ce ai lambar takarda ce.

Abin da ya sa nake matsa wannan magana yanzu shi ne, ƙofofi sun buɗu waɗanda iyayenmu ba su samu ba. Tun watan Agusta na 2014 yarjejeniyar ciniki tsakanin Kamaru da Tarayyar Turai ta fara aiki, kayanmu na shiga can ba harajin duwan. Kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018, Kamaru na cikin ƙasashen farko da suka gwada ta a 2022. A watan Nuwamba na 2022 aka buɗe sabuwar gadar da ta haɗa Ekok da Mfum a kan hanyar Bamenda zuwa Inugu. Ga tashar jiragen ruwa ta Kiribi tana aiki tun 2018. Amma kowace ƙofa da harshen mai gadinta. Hukumar NAFDAC ta Nijeriya tana son bayanin abinci da Ingilishi. Saudiyya da Larabci. Lardin Kebek na Kanada, tun dokarsa ta 1977, sai da Faransanci. Wanda ya wuce Kye-Ossi ya shiga Ikwatoriyal Gini, Sifaniyanci zai tarar a ofis. Masoron Penja, da hukumar OAPI mai hedkwata nan Yawunde ta ba shi shaidar asali a 2013, sannan Tarayyar Turai ta amince da sunansa a 2022, bai kai can da ƙamshi kaɗai ba. Sai da aka rubuta inda ake noma shi da yadda ake sarrafa shi dalla-dalla cikin harshen da jami'an can ke karantawa. Shi ya sa yau yake da farashin da sauran masoro ba su da shi.

Mu 'yan Kamaru ma bai kamata a tsaya ana yi mana wa'azi a kan muhimmancin fassara ba, domin mun gani a gida. Dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda ƙasashe 17 ke aiki da su tun bayan yarjejeniyar 1993, da Faransanci aka tsara su. A 2008 aka ƙara Ingilishi da Sifaniyanci da harshen Fotugal, amma aka ce in an sami saɓani na Faransancin ne abin dogaro. Rashin ingantaccen kwafin Ingilishi na cikin koke-koken da lauyoyin Bamenda da Buea suka fito da su a watan Oktoba na 2016. Ba shi kaɗai ne musabbabin abin da ya biyo baya ba, kowa ya sani, amma yana cikin abin da ya fara kunna wutar. A nan akwai darasi ga ɗan kasuwa kai tsaye: duk yarjejeniyar da aka rubuta da harshe biyu, a nemi layin da ya faɗi wanne ne abin dogaro in an yi gardama, da kuma kotun wace ƙasa za a je. Sau da yawa layin nan yana can ƙarshen shafi da ƙananan haruffa, daidai inda yaro ya gaji ya ce, "Baba, sauran duk gaisuwa ce."

To, wayar hannu fa? Ai yanzu kowa na da tafinta a aljihu, Google ma ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2013, ga kuma sababbin na'urori da ke rubuta wasiƙa sumul kamar ta sakataren gwamna. Ni ban hana ba. Don gaisawa da abokin ciniki, ko fahimtar inda saƙo ya dosa, suna da amfani ƙwarai, kuma su kansu masu sana'ar fassara suna aiki da su. Amma sumul ɗin nan shi ne haɗarin. Fassarar yaro in ta karkace kana ganin karkatar, ta na'ura kuwa tana zuwa da kyan gani ko da ta sauya maka agushi da wani abu. Sannan in kaya suka maƙale a Antwerp, na'ura ba ta da hatimi, ba ta da ofis, ba wanda za ka riƙe. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ƙwararren mai fassara kuwa, alamarsa ta farko ita ce yana yin tambaya. Zai tambaye ka wa zai karanta, a wace ƙasa, kayan mene ne, ya ma ce a kawo masa samfur ya gani. Yawanci zuwa harshen da ya fi ƙwarewa a kai yake fassarawa, ba kowane ɓangare ba, kuma in takarda ta lauya ce ko ta likitan dabbobi, zai gaya maka in ba fanninsa ba ce. Ƙasar nan ba ta rasa irinsu ba. Tun 1985 aka kafa babbar makarantar koyon fassara da tafinta ta ASTI a Buea, kuma ɗalibanta suna aiki a ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin duniya, wasu kuma suna zaman kansu nan Yawunde da Duwala. In takarda za ta je gaban kotu ko ofishin jakadanci, a nemi wanda ya yi rantsuwa a kotu, mai hatimi. Kuɗinsu bisa yawan kalmomi ko shafi ne, a yi ciniki tun kafin a fara kamar kowane aiki. Na san za a ce da tsada. To a auna: bayanin da ke jikin ledar yaji bai fi layi goma ba, sau ɗaya za a fassara shi, a buga shi sau dubu. Mutum biyar masu sana'a iri ɗaya za su iya haɗa kuɗi, kamar yadda ake adashi, a fassara musu takardar ciniki guda mai kyau da jerin sunayen kayansu, kowa ya riƙa cike sunansa da farashinsa. Sai dai a kai aiki da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda aka ba shafi ashirin da magariba aka ce ana so da asuba, ko shi wane ne, aikin gaggawa zai yi.

Saura magana ɗaya, ita kuma ta fi shafata a matsayina na malami. Yaran nan da ake kira su fassara a zaure, da za a bar su su yi karatun har ƙarshe, su ne za su fi kowa iya wannan sana'a. Yaron da ya tashi da Hausa da Fillanci a gida, Larabci a makarantar allo, Faransanci da Ingilishi a aji, ya riga takwarorinsa nisa tun kafin a fara tsere. Makarantun sakandarenmu suna koyar da Sifaniyanci da Jamusanci da Larabci, wasu har da Sinanci, Jami'ar Marwa kuma tana horar da malaman waɗannan harsuna. Amma abin da muke gani kowace shekara shi ne, da yaro ya kai aji uku ko huɗu, ya fara iya karanta faktir, sai a ce ya isa, a cire shi a zaunar a shago. 'Yan mata kuwa, waɗanda a ajina su suka fi iya harshe, ba a ma kai nan da su. Daga baya kuma mu ne za mu zauna muna ƙorafin cewa duk ofishin da muka shiga ba namu a ciki, kuma duk mai fassarar da muka samu sai an yi masa bayanin mene ne daddawa. Ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Brikiteri da Nkomkana, ina ba da shawara a zaɓi yara biyu ko uku masu ƙwazo cikin waɗanda suka gama sakandare bana, maza da mata, a ɗauki nauyin digirinsu na harsuna, da niyyar su zauna jarrabawar shiga Buea in sun gama. Abin da za a kashe musu a shekara bai kai abin da kwantena guda ke ci ba in ta yi wata tana kwance a tashar Duwala saboda takarda.

Wanda ke da tambaya a kan wata takarda ta musamman, ya aiko ta ofishin jarida, zan nuna masa ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.